Abin da Waya Ba Ta Sani Ba Game da Fadamar Rima

Duk wanda ya buɗe YouTube ko TikTok ko Facebook a Birnin Kebbi ko Argungu, abin da ke fara bayyana a fuskar wayarsa wani lissafi ne ya zaɓo masa shi, lissafin da ke gudana a manyan kwamfutocin kamfani, yana auna ɗimbin bidiyoyi cikin ƙasa da daƙiƙa guda, sannan ya jera su bisa hasashen wanda zai fi riƙe hankalin mai kallo. Wannan lissafi shi ake kira tsarin shawara, kuma shi ne ke nuna wa mai sayayya a Jumia kayan da ake zaton zai so, yake kuma zaɓar waƙar da za ta biyo baya a Audiomack ko Boomplay. Ingancin kowane tsarin shawara ya rataya ne a kan bayanan da aka ba shi, shi ya sa masana suka daɗe suna neman hanyoyin ƙara masa bayanai daga waje, wato daga majiyoyin da ba su cikin tarihin dannawa da kallon mai amfani. A kwarin Rima, inda rayuwa ke bin tashin ruwa da saukarsa, wannan batu ya fi nauyi fiye da yadda yake a biranen da aka ƙirƙiro waɗannan manhajoji, kuma a nan ne ake iya gane wane irin ƙarin bayani ne ke da amfani, wane ne kuma ke da haɗari.

Tsohuwar hanyar gina tsarin shawara ita ce kwatanta masu amfani da juna, wadda aka fara gwadawa a farkon shekarun 1990, musamman a aikin GroupLens na Jami'ar Minnesota da ke Amurka a 1994. Tushenta mai sauƙi ne: idan mutum biyu sun so abubuwa goma iri ɗaya, to abin da na farko ya so na goma sha ɗaya akwai kyakkyawan zaton na biyu ma zai so shi, ko da na'urar ba ta san komai game da abin kansa ba. A 2003 injiniyoyin Amazon suka wallafa bayanin yadda suka juya wannan hanya, suka riƙa kwatanta kaya da kaya bisa yawan sayensu tare. Sai dai hanyar tana da wani rauni da ya fito fili a gasar da kamfanin Netflix ya buɗe a watan Oktoba na 2006, lokacin da ya sa ladan dala miliyan 1 ga duk wanda ya inganta hasashensa da kashi 10 cikin 100. Kamfanin ya saki maki fiye da miliyan 100 da kimanin mutum 480,000 suka bai wa finafinai 17,770, adadin da yake da yawa a ido, amma idan aka shimfiɗa shi a jadawalin mutane da finafinai, sai a tarar kusan gurbi 99 cikin kowane 100 babu komai a cikinsa. Tawagar da ta ci gasar a watan Satumba na 2009 ta sami wani ɓangare na nasararta ne saboda ta lura da lokaci, wato ta gane cewa makin da mutum ke bayarwa yana sauyawa daga rana zuwa rana, kuma farin jinin fim yana hawa yana sauka.

Idan jadawalin masu kallo a Amurka ya kasance fanko haka, na mazauna Augie da Kalgo da Gulma ya fi shi zama fanko nesa ba kusa ba, kuma ɗan abin da ke cikinsa ma sau da yawa yana ɓatar da na'ura. A gidaje da yawa waya guda ce ke hidimar mutane da dama, maigida ya saurari tafsiri da labarai da ita da safe, uwargida ta kalli Labarina ko Daɗin Kowa da rana, yara su karɓa da yamma, alhali kuwa kamfanin manhajar yana ɗaukar su duka a matsayin mutum ɗaya mai ɗabi'a mai rikitarwa. Bayan haka, kaso mai yawa na abin da ake kallo ba ya bi ta intanet ko kaɗan, domin mutum yakan kai wayarsa ko memorinsa rumfar masu tura finafinai, wadda galibi ita ce wurin cajin waya, a tura masa fassarar Indiya da waƙoƙi da wa'azi a kan kuɗi kaɗan, shi kuma ya raba wa abokansa ta Xender. Mai rumfar ya san abin da unguwarsa ke so fiye da kowace kwamfuta, ya san wanda ba a tura wa waƙa a watan azumi da wanda ke jiran sabon kashi kowane mako, sai dai wannan sani bai taɓa shiga wani jadawali ba. Haka ma ciniki, wanda mafi yawansa ake ƙulla shi ta WhatsApp da kiran waya, a biya ta hannun mai POS. Masana suna da suna ga halin da na'ura ke shiga idan ta haɗu da mutumin da ba ta da tarihinsa, ko kayan da babu wanda ya taɓa dannawa, wato matsalar sabon zuwa, kuma maganin da ta saba yi shi ne ta nuna abin da ya fi farin jini a ƙasar baki ɗaya, wanda a Nijeriya yakan zama abin da Legas ke so.

Majiya ta farko da ake cike wannan giɓi da ita ita ce bayanin abin da ake ba da shawarar a kansa, kamar sunan bidiyo da rubutun da ke ƙarƙashinsa da maganar da ke cikinsa da sharhin masu kallo. Kamfanin Spotify ya sayi The Echo Nest a 2014 domin irin wannan buƙata, saboda The Echo Nest ya ƙware wajen nazarin sautin waƙa da abin da ake rubutawa a kanta a intanet. Amma kafin na'ura ta amfana da rubutu sai ta iya karanta shi, kuma Hausar waya tana da wuyar sha'ani, domin mafi yawan masu rubutu ba sa sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ, suna haɗa kalmomi ko raba su yadda suka ga dama, suna cakuɗa Turanci da Larabci, sannan Hausar Kabi da ta Arewa suna da kalmomi da lafazin da suka bambanta da Hausar Kano, wadda a kanta aka gina mafi yawan abin da aka koyar da na'ura. Jihar Kebbi kuma ba Hausa kaɗai ake ji a cikinta ba, akwai Fillanci da Zabarmanci da Dakarci da Kambarci, ga Faransanci da ke shigowa ta Kamba da sauran garuruwan iyaka da Nijar da Binin. An sami ci gaba a 'yan shekarun nan, misali tarin rubuce-rubucen Twitter mai suna NaijaSenti da aka wallafa a 2022, wanda masu bincike 'yan Nijeriya suka jagoranta, suka tantance dubban saƙonnin Hausa bisa yabo ko suka ko tsaka-tsaki. Wannan aiki ne mai daraja ƙwarai, ko da yake masu rubutu a Twitter ba su ne masu noman fadama ba, kuma yawancin abin da manomi ke faɗa da murya yake aika shi.

Majiya ta biyu ita ce taskar alaƙoƙi, wato rumbun da ake jera abubuwa a cikinsa tare da dangantakar da ke tsakaninsu, irin Wikidata da aka kafa a 2012. Idan taskar ta ƙunshi cewa Argungu ita ce mazaunin Sarkin Kabi, cewa Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 yana mulki daga Surame, cewa akwai gidan tarihi mai sunansa a garin, cewa a Matan Fada ake gasar su, kuma UNESCO ta sa bikin kamun kifin garin cikin jerin al'adun duniya a 2016, to wanda ya kalli bidiyo guda na masunta suna rugawa cikin ruwa da homa da gora za a iya kai shi ga tarihin Kanta ko da babu wani mai kallo da ya taɓa bin wannan hanya kafin shi. Idan kuwa taskar ba ta san komai ba sai cewa bidiyon na kamun kifi ne, abin da zai biyo baya shi ne masu ƙugiya a tafkunan Turai. A nan aikin masu rubutu a Wikipedia ta Hausa yana da tasirin da ya wuce yadda ake zato, domin kowace maƙala sahihiya game da Gwandu ko Abdullahi ɗan Fodiyo ko Yawuri tana ƙara zaren da na'ura za ta iya bi.

Lokaci shi ne majiyar da ta fi sauƙin samu, kuma ita aka fi sakaci da ita. Tsarin da aka gina a kan kalandar Turawa yakan kwatanta watan Maris na bana da na bara, alhali azumi da sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma su ne ke juya abin da ake kallo da abin da ake saye, daga tafsiri da dabino zuwa shadda da atamfa da raguna. Baya ga kalandar Hijira akwai ta noma, domin kuɗi na shiga hannun jama'a ne da kaka da kuma bayan girbin rani, lokacin da ake bukukuwan aure da sayen babur da sabuwar waya, yayin da a tsakiyar damina aljihu ke bushewa. Bikin Argungu kansa, wanda aka faro a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ya nuna iyakar dogaro da tarihin dannawa kaɗai, saboda an yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a watan Maris na 2020. Manhajar neman masauki ko mota da ta dogara da bayanan shekarun da suka gabata ba ta da yadda za ta yi ta hango cunkoson wannan mako, sai fa idan an sanar da ita ranar bikin daga waje.

Inda batun ya fi muhimmanci ga Kebbi shi ne noman shinkafa, domin a nan kuskuren shawara yana cin buhun taki da guzurin shekara. A Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka sani da Anchor Borrowers, a watan Nuwamba na 2015. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi. A 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, baya ga na Labana da ke Birnin Kebbi. Waɗannan abubuwa sun jawo dubban mutane cikin noman rani, da injin ban-ruwa da fetur da iri da taki, kowanne da tsadarsa, yayin da malaman gona ba su kai yawan da za su zagaya kowace gona ba. Shawarar taki da aka saba bayarwa guda ce ga yanki baki ɗaya, buhu kaza na kamfa da buhu kaza na yuriya ga kowace hekta, ko gonar laka ce a gindin fadama ko jigawa ce mai yashi a gefenta.

Cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta ƙirƙiro wata manhajar waya mai suna RiceAdvice domin gyara wannan. Malamin gona ko matashin da aka horar yakan zauna da manomi ya yi masa tambayoyi, irin da zai shuka, yafi zai yi ko dashe, abin da ya noma a gonar a kakar da ta wuce, yawan abin da ya girba, yadda ya yi da bambaro, takin da ke kasuwarsa da farashinsa, da kuɗin da zai iya kashewa, sannan manhajar ta haɗa amsoshin da sakamakon gwaje-gwajen gona da aka yi tun farko, ta fitar da adadin taki da ranakun zuba shi. Wani gwaji da aka gudanar a Jihar Kano, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa gidajen da suka sami wannan shawara ta musamman sun ƙara amfanin gona da kimanin kashi 7 cikin 100, ribarsu kuma da kimanin kashi 10. Abin lura a nan shi ne manhajar ba ta buƙaci tarihin dannawar kowa ba, duk ƙarfinta daga bayanan gona da na kasuwa ya fito, kuma manomin ne da bakinsa ya bayar da su, yana sane da abin da zai samu a madadinsu.

Fadamar Argungu da Birnin Kebbi tana buƙatar fiye da haka, saboda babban abin da ke yanke hukunci a cikinta ruwa ne. Ambaliyar ƙarshen daminar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu faɗin gaske a jihar ana dab da girbi, kuma manoma da yawa sun wayi gari da bashi babu shanshera. Bayanan da za su taimaka a irin wannan hali suna nan a warwatse. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara. Masu kula da madatsar Goronyo da ta Bakolori sun san lokacin da za su saki ruwa. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton ƙasa kowane 'yan kwanaki da ƙudurin mita 10, kuma kyauta ake samun hotunan. Taswirar ƙasar noma ta iSDAsoil, da aka fitar a 2020, tana ƙiyasta sinadaran ƙasa da ƙudurin mita 30 a faɗin Afirka. Tsarin da ya haɗa waɗannan zai iya gane cewa wata gona tana cikin kwarin da ruwa ke kwanciya a kai a yawancin shekaru, ya ba mai ita shawarar FARO 66 ko FARO 67, irin shinkafar da aka saki a 2017 saboda jure nutsewa, maimakon FARO 44 da aka fi sabawa da shi, ko kuma ya ba shi shawarar ya matso da shuka, ko ya ajiye ƙarfinsa sai rani.

Haɗa majiyoyi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ƙarin bayani ba kullum yake zama ƙarin daidaito ba. A aikace, ana mayar da kowane bayani jerin lambobi, na gona da na yanayi da na farashi, sai na'ura ta koyi nauyin da za ta bai wa kowanne ta hanyar duba abin da ya faru a baya. Idan hasashen ruwa na ƙaramar hukuma ne baki ɗaya, taswirar ƙasa kuma ƙiyasi ce da aka gina a kan samfura kaɗan daga yankin, farashin taki kuma na watan jiya ne, to shawarar za ta fito da lambobi masu kama da tabbas alhali ginshiƙanta ba su da ƙarfi, kuma gajimaren damina yakan rufe wa Sentinel-2 ido a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Saboda haka dole a gwada kowace sabuwar majiya kamar yadda aka yi a Kano, a raba manoma gida biyu, a ba wasu shawarar da ta ƙunshi sabon bayanin, wasu a bar su da tsohuwar, a jira girbi a auna buhuna. Mizanin da ake aunawa da shi ma abin dubawa ne, domin manhajar da dillalin taki ya ɗauki nauyinta tana iya ɗaukar yawan ciniki a matsayin nasara, yayin da nasarar manomi ita ce abin da ya rage masa bayan ya biya bashi.

Akwai wani nau'in ƙarin bayani da kamfanoni suka fi kwaɗayi, wato na mutum kansa, lambobin da ke wayarsa da wuraren da yake zuwa da saƙonnin bankinsa, kuma gasar Netflix ta bar darasi a kan wannan. Kamfanin ya cire sunaye kafin ya saki bayanan, amma masu bincike biyu daga Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka nuna a wani nazari na 2008 cewa idan aka kwatanta makin da ranakunsa da abin da mutane suka rubuta a fili a shafin finafinai na IMDb, ana iya gano wasunsu, lamarin da ya kai ga ƙara a kotu da soke gasa ta biyu a 2010. Dabarar da ke inganta shawara, wato haɗa majiya da majiya, ita ce dai ke tona asiri. A ƙauyen da bai wuce gidaje ɗari biyu ba abin ya fi sauƙi, domin wurin gona da faɗinta da yawan bashin da ke kanta sun isa su nuna mai ita ko babu suna. 'Yan Nijeriya sun ga ƙarshen wannan hanya a hannun wasu manhajojin bashi, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin wayar mai karɓar rance suna aika wa danginsa da abokansa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta far musu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. A watan Yuni na shekarar ne aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta wajabta a sanar da mutum dalilin karɓar bayaninsa, a kuma taƙaita ga abin da dalilin ke buƙata. Sai dai amincewar da aka samu ta hanyar danna maɓalli a ƙarƙashin dogon rubutun Turanci, daga mutumin da ajami ko Hausar boko kaɗai yake karantawa, ba ta cancanci a kira ta amincewa ba, kuma ya kamata a riƙa karanta wa manomi sharuɗɗan da harshensa kafin ya amsa tambaya ta farko.

Idan aka auna majiyoyin nan gaba ɗaya, za a ga waɗanda suka fi ƙara wa shawara inganci a kwarin Rima su ne na wuri da lokaci da harshe, tsayin ruwa a gulbi, ranar sakin madatsa, nau'in ƙasa, farashin shanshera a Argungu da Jega da na albasa a Aliero, ganin wata, da sahihin rubutun Hausa game da garuruwan yankin, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar leƙa sirrin kowa. Matsalarsu ita ce mafi yawansu suna cikin littattafan ofis da bakin dillalai da ƙwaƙwalwar Sarkin Ruwa da tsofaffin manoma, ba a rubuta su a tsarin da kwamfuta za ta karanta ba. Wannan aiki ne da ya dace da sassan kimiyyar kwamfuta da na aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, tare da hukumar raya aikin gona ta jiha da ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN, kuma ana iya faro shi da abu mai araha, wato rubuta farashin kowace ranar kasuwa da tsayin ruwa a wasu zaɓaɓɓun mashigai kowane mako, a ajiye su a buɗe inda duk mai gina manhaja zai iya ɗauka, a kuma riƙa karanta su a rediyo domin waɗanda ba su da babbar waya.